Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Darasi Daga Hukumar NASA

Duk ma'aikatar da ke cin kuɗin gwamnati tilas ne ta riƙa kai rahoto ga waɗanda ke bisa kanta, ta faɗi inda aiki ya kai, da abin da aka kashe, da ranar da za a gama. Wannan al'ada ce mai kyau, amma tana da wata illa wadda ba kasafai ake lura da ita ba. Rahoto yakan taso daga ƙasa da ɗacinsa, kowane ofis ya biya sai a ɗan ɗiga masa zuma, kafin ya isa gaban mai yanke shawara ya riga ya zama alewa. Babu inda wannan illa ta fi fitowa fili kamar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, domin a can kuskuren da aka yi a kan takarda da ran mutum ake biyansa.

In ana son gane tushen al'amarin sai an koma ga kasafin kuɗi. A shekarar 1966, lokacin da Amurka ke tseren zuwa duniyar wata da Tarayyar Sobiyat, NASA tana samun fiye da kashi 4 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke kashewa. Bayan an sauka a wata a 1969 sai ɗokin ya kwanta, rabon hukumar ya yi ta raguwa har ya dawo wajen kashi 1 cikin ɗari. A cikin wannan ƙunci ne Shugaba Nixon ya amince a 1972 da a ƙera sabon kumbo mai zuwa ya dawo kamar jirgin sama. Don a samu yardar masu riƙe da lalita, sai aka yi alkawarin cewa kumbon zai riƙa tashi a kai a kai, da araha. An yi burin kaiwa tashi 24 a shekara, alhali kuwa a 1985 tara kaɗai aka iya. Tun daga nan jadawali ya zama sarki, kowane manaja yana kallon kalanda kamar mai bashi yana kallon ranar biya.

A daren 27 ga Janairu 1986 aka yi wani taro ta wayar tarho tsakanin jami'an NASA da na kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokoki biyu da ke ɗaga kumbon Challenger. Injiniyoyin kamfanin sun ba da shawarar kada a tashi. Dalilinsu shi ne akwai wasu zobba na roba da ke toshe mahaɗar sassan rokar, kuma sanyi yakan sa su sandare su kasa toshewa. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta gargaɗi a kan zobban tun watan Yuli na 1985. Suka ce kada a tashi in sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 a ma'aunin Salshiyas. Jami'an NASA suka nuna ɓacin rai, sai manyan kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyinsu ya tuɓe hular injiniya ya sa ta manaja. Suka dawo suka sa hannu. Washegari aka harba kumbon daga Fulorida cikin sanyi na wajen digiri 2. Bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse, mutum bakwai suka halaka, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe.

Kwamitin bincike da Shugaba Reagan ya naɗa a ƙarƙashin William Rogers ya gano cewa manyan da suka ba da izinin ƙarshe ba su ma san injiniyoyi sun yi gardama a daren ba. Labarin ya mutu a tsakiyar tsani. Wani ɗan kwamitin, masanin kimiyya Richard Feynman, ya tarar cewa wasu injiniyoyi na ƙiyasta za a iya rasa kumbo ɗaya cikin tashi 100, su kuwa manajoji suna cewa ɗaya cikin 100,000. Ma'aikata ɗaya ce, kumbo ɗaya ne, amma lissafin na ƙasa da na sama sun bambanta ninki dubu.

Mai karatu zai zaci wannan masifa ta isa darasi har abada. An dakatar da tashi har wata 32, an gyara rokar, an kafa ofishin kiyaye haɗari. Amma masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Shekara da shekaru ana ganin ɓallin soson da ake lulluɓe tankin mai da shi yana faɗowa lokacin tashi, da yake kumbo yakan dawo lafiya sai aka daina ɗaukarsa haɗari. A ranar 16 ga Janairu 2003 wani ɓalli ya bugi fiffiken hagu na kumbon Columbia. Injiniyoyi suka nemi a roƙi ma'aikatar tsaro ta ɗauko musu hoton fiffiken tun kumbon yana sama, manajoji suka ga babu bukata. Ranar 1 ga Fabrairu, yana kan hanyar sauka, zafi ya shiga ta hujin, kumbon ya wargaje a samaniyar jihar Teksas, aka sake rasa mutum bakwai. Kwamitin da Admiral Harold Gehman ya shugabanta ya ɗora laifi a kan halin hukumar kamar yadda ya ɗora a kan soson, ya kuma ambaci ƙarancin kuɗi da matsin wa'adin da aka ɗiba don haɗa wani sashe na tashar sararin samaniya a watan Fabrairu na 2004.

Wani zai ce ai manajoji ba azzalumai ba ne, kuma in za a biye wa kowane tsoro na injiniya, babu kumbon da zai taɓa barin ƙasa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Kuɗin talakawa ne ake kashewa, dole a samu mai cewa ya isa haka. Har ila yau ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya sa harkar kwangilolin NASA cikin jerin ayyuka masu haɗarin ɓarna tun 1990, wanda ke nuna sa ido ya zama wajibi. Sai dai a lura da inda ɓarnar take farawa. Madubin hangen nesa na James Webb an fara maganarsa a kan kimanin dala biliyan 1, amma kafin a harba shi ranar 25 ga Disamba 2021 ya ci kusan biliyan 10. Kwamitin da John Casani ya jagoranta a 2010 ya tarar cewa aikin ƙirar yana tafiya daidai, kasafin da aka gina shi a kai ne ba shi da tushe, ga kuma raunin shugabanci. Wato an rage farashi tun farko don a samu shiga, daga baya gaskiya ta biyo bashinta. A 2011 har wani kwamitin Majalisar Wakilai ya nemi a soke aikin baki ɗaya.

Saboda haka laifin bai tsaya a kan hukumar kaɗai ba. Majalisar da ba ta yarda da aiki sai an rantse mata cewa mai araha ne, ita ce ke koya wa ma'aikata rage lissafi. Shugaban da ke murtuke fuska in an kawo masa labari mara daɗi, shi ne ke koya wa na ƙasa yin shiru. Sa ido na gaskiya ya wuce ƙirga rasit. Ya kamata mai binciken ya zamana albashinsa da ƙarin girmansa ba su rataya a wuyan wanda yake bincika ba. Ya kamata kuma injiniyan da ya ƙi yarda a rubuta ƙin yardarsa da sunansa, takardar ta isa gaban mai yanke shawara yadda take, ko da an rinjaye shi. Kasafi kuwa a sa masa rarar ko-ta-kwana tun farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai alamar cewa wani abu ya shiga kunne. A watan Yuni na 2024 kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya kai Butch Wilmore da Suni Williams tashar sararin samaniya don zaman kimanin kwana takwas, sai aka ga wasu ƙananan injinansa suna gardama, iskar hiliyam kuma tana yoyo. Kamfanin yana ganin kumbonsa zai iya dawo da su, amma a watan Agusta NASA ta yanke shawarar ya dawo babu kowa a ciki. Ya sauka lafiya a Satumba, su kuwa sai a watan Maris na 2025 suka dawo cikin kumbon kamfanin SpaceX, bayan fiye da wata tara. An ji kunya, an yi hasarar kuɗi da lokaci, har wasu na cewa tsoro ya yi yawa tunda kumbon bai faɗi ba. To amma shawara da abin da aka sani ranar da aka yanke ta ake auna ta, kuma a ranar babu wanda ya iya tabbatar da lafiyar injinan.

Ɗaliban da ke shirin barin jami'a su kama aikin ofis, yawancinsu ba za su taɓa harba kumbo ba, amma kusan dukkansu wata rana za a ce su rubuta rahoto zuwa sama, ko kuwa a kawo musu rahoto daga ƙasa. In ranar ta zo, wanda ke rubutawa ya bar ɗacin a cikin takardar, wanda ke karɓa kuma ya tambayi mai ɗaki inda yake yoyo tun damina ba ta kankama ba. Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya ba na ƙasa ƙarfin halin faɗar gaskiya, amin.