Mabuɗi Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa

Duk ɗalibin da ya shekara a jami'a ya san wahalar kalmomin sirri. Akwai ta shafin rajista, akwai ta biyan kuɗin makaranta, ga ta ɗakin karatu, ga ta wasiƙu. Da yake kai ba ya riƙe su duka, sai a rubuta a bayan littafi, ko a maimaita guda ɗaya ko'ina, ko a miƙa wa mai shagon kwamfuta. To, sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. Jami'a za ta riƙe rajista guda ta ɗalibai da ma'aikata, mutum ya gabatar da kansa gare ta sau ɗaya, ita kuma ta tsaya masa a sauran ƙofofi. In ya nemi shiga shafin wata mujallar ilmi, sai shafin ya mai da shi wurin jami'arsa, can ya sa kalmarsa. Jami'ar ta aika da shaida mai hatiminta cewa wannan nata ne, a buɗe masa, ba tare da mai mujallar ya ga kalmar ba. Haka falke yake sauka a zango, maigidansa ya lamunce masa a kasuwar da ba a san shi ba.

Idan makarantu da yawa suka yarda da hatimin juna, an sami ƙawancen shaida ke nan. A Holan aka faro eduroam a 2002, wanda ke ba ɗalibi damar shiga intanet a baƙuwar jami'a da sunansa na gida. A Amurka ƙungiyar Internet2 ta fitar da manhajar Shibboleth a 2003, aka tsayar da ƙa'idar SAML ta biyu a 2005, sa'an nan a 2011 eduGAIN ya fara haɗa ƙawancen ƙasashe. Mu ma an ƙaddamar da NgREN a 2014 domin haɗa jami'o'in Nijeriya. Hanya dai a share take.

Muna goyon bayan tsarin, amma da sharaɗi huɗu. Na farko, tsaro. A Disamba 2020 aka gano cewa maharan da suka bi ta manhajar SolarWinds sun saci irin wannan hatimi, suka buga shaidar jabu, suka shiga wasiƙun ma'aikatun gwamnatin Amurka. Lalle a tsare hatimin jami'a kamar baitulmali, a kuma ƙara wa kalmar sirri shaida ta biyu, kamar lambar da ke sauyawa a wayar mutum.

Na biyu, sirri. Mai mujalla yana bukatar sanin cewa mai karatu ɗalibi ne, ba sunansa ko garinsu ko sakamakon jarrabawarsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce kada a karɓi fiye da abin da ake bukata.

Na uku, wuta. In injin shaida ya tsaya ranar rufe rajista, kowace ƙofa ta rufe. Tilas a tanadi na biyu, da wutarsa daban.

Na huɗu, adalci. Hannun da ke buɗe ƙofofi duka shi ke iya rufe su duka. Kada a toshe wa ɗalibi hanya sabo da bashi ko saɓani da hukuma, sai an sanar da shi an kuma saurare shi.

Sabo da haka muna kira ga hukumomin jami'a su rubuta waɗannan ƙa'idodi, su zauna da wakilan ɗalibai tun kafin a sayi inji ko a ba da kwangila. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa a ji.