SANIN KAYAN AIKI: Tsohon keke ba na awon kilo ba ne

Cikin ƙauyuka da yawa akwai tsohon keke jingine bayan rumbu, taya ta ruɓe, kaca ta yi tsatsa. Masu sayen tsohon ƙarfe suna zagawa gida gida, suna ɗaukar shi da awon kilo. Kafin maigida ya sallama, ya kamata ya san abin da ke hannunsa.

Keken farko na itace ne. Wani Bajamushe, Karl Drais, ya yi shi a shekara ta 1817. Ba shi da feda, mahayi da ƙafa yake tura ƙasa. Bayan 1860 maƙeran birnin Paris suka sa feda ga ƙafar gaba. A 1885 John Kemp Starley, a garin Coventry na Ingila, ya fito da irin wanda kowa ya sani, mai kaca tana jan ƙafar baya. A 1888 wani likitan dabbobi, John Dunlop, ya ƙaro tayar iska.

Daga nan manyan gidajen ƙira suka shahara: Peugeot na Faransa mai tambarin zaki, da Raleigh na garin Nottingham mai kan zalɓe. Raleigh har ya kafa masana'anta a Kano, daga can ƴan kasuwa suka riƙa shigo da shi Maradi da Damagaram. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha.

Mi ya sa dattawa ke begen waɗannan kekuna? Ƙarfensu mai kauri ne. Birkinsu na sandar ƙarfe ne, ba siririyar waya ba. Abin da ya lalace, mai gyara ya kwance shi ranar kasuwa, ya sa sabo. Sun ɗauki buhun hatsi, sun kai maras lafiya likita, ba su taɓa neman isansi ba.

A 2002 Raleigh ya daina haɗa keke a Nottingham. Wanda ya sayar da nasa na da, da wuya ya sake samun irinsa.

Saboda haka mai tsohon keke ya fito da shi. Ya wanke kaca da kananzir, ya sa mata mai, ya canja taya da shambur, ya riƙa ajiye shi a inuwa. Kuɗin gyaran bai kai na sabo ba, kuma yaro ya samu abin zuwa lakkwal. Da tsohuwar zuma ake magani.