Daƙiƙa Talatin Kafin Allura Ta Huda Roba

Wata ranar kasuwa a ƙasar Roni na tsaya a wani kemis, sai aka kawo yaro za a yi masa allura. Mai kemis ya ɓalle murfin kwalbar da babban yatsa, nan take ya soka allura cikin robar. Da na yi masa magana, sai ya amsa cikin ladabi: "Ai Malam, sabuwa ce, yanzu na buɗe ta a gabanka." Ba ganganci ya yi ba. Abin da ya ɗauka gaskiya ne ya faɗa, kuma wannan fahimta ce nake so mu gyara.

Murfin da ake ɓallewa kariya ce daga ƙura da taɓawa, amma ba ya tabbatar da cewa saman robar ba shi da ƙwayoyin cuta. Abin da masana'anta ta tsarkake shi ne maganin da ke ciki. Duk abin da ke kan roba, tsinin allura zai tura shi cikin magani, daga nan ya wuce cikin tsoka ko jijiya, inda babu fatar da za ta tare shi. Sakamakon yakan zama ƙurji mai ruwa a ɗuwawu, wani lokaci kuma gubar jini. Mai karatu ya tuna da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan kowace kanta daga Babura zuwa Gwiwa. Ya kuma tuna da allurar atesunet da ake yi wa masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da damina: gari ce, sai an zuba mata ruwa iri biyu sannan a zuƙo, wato roba ɗaya za a huda sau da dama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar allura da ta fitar a 2010, ta ce a goge robar da sifirit mai ƙarfin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, a bari ta bushe. Ɗalibaina sukan yi mamakin jin cewa wannan ya fi zallan sifirit aiki. Dalili shi ne, sifirit yana kashe bakteriya ta hanyar daskarar da furotin na jikinta, kuma sai da ruwa yake ratsawa ciki sosai. Ruwan yana kuma jinkirta bushewa, sifirit ya sami lokacin gama aikinsa. Saboda haka wanda ya shafa ya soka nan take, rabin aiki ya yi. A murza da ɗan ƙarfi, a jira kamar daƙiƙa 30. Kada a hura da baki, domin baki ma gidan ƙwayoyi ne.

Wani zai ce, ina aka bar tsada da cunkoson marasa lafiya? Na yarda layi yana da tsawo a babban asibitin Kazaure kamar kowane asibiti. Amma kuɗin auduga da sifirit bai kai na tsaga ƙurji ɗaya ba, balle kwanakin da manomi zai yi a kwance.

Sai dai kada a mai da sifirit laya. Ba ya kashe bakteriyar da ta shige ɓawonta ta yi likimo, irin mai kawo sarƙewar haƙora. A 2011 ma an janye ɗimbin ƙyallayen goge-goge na sifirit daga kasuwar Amurka, saboda an sami irin wannan bakteriya a cikinsu. Shi ya sa al'adar tara dunƙulen auduga a gwangwani a jiƙa tun safe ba ta da kyau: sifirit ya tashi, yatsu suna ta shiga, audugar ta koma matattarar cuta. Haka nan barin allura a soke a kan kwalba don zuƙa ta gaba, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Malaman kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da madubin ganin ƙwayoyi ba. A zuba farin ƙwai a ƙaramin kofi, a ɗiga masa sifirit, a sa ido. Zai yi fari ya daskare kamar an dafa shi, alhali bai ga wuta ba. Sannan a shafa sifirit a kan gilashi, ɗalibi ɗaya ya riƙe agogo ya ƙidaya daƙiƙun da zai ɗauka kafin ya bushe.