Festus Ezeli: Dogon benci da kasuwa ta watse kafin ya kasa hajarsa

Tun lokacin da ƙungiyar Philadelphia 76ers ta ɗauki Adem Bona, haifaffen Legas, a zaɓen sabbin 'yan wasan gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, a shekarar 2024, aikinsa ɗaya ne: ya zauna a benci cikin shiri har sai gwiwar Joel Embiid ta gaza. Kuma ta gaza, domin wasa 19 kacal ɗan asalin Kamarun ya buga daga cikin 82 na kakar 2024/25. Wannan kujera ba baƙuwa ba ce ga 'yan Najeriya. Wani ya riga Bona zama a kanta, daga kanta ya ɗaga kofi, daga kanta kuma ya faɗi. Sunansa Festus Ezeli, kuma tarihinsa ya isa ya nuna dalilin da ya sa aikin dogon ko-ta-kwana yake da nauyi a fili amma ba shi da tsada a kasuwa.

A ƙwallon kwando mutum biyar ke shiga fili daga kowane ɓangare, kuma mafi tsawonsu shi ake girkewa a gindin kwando a matsayin ɗan tsakiya. Wasa a NBA minti 48 ne, ga shi da wuya ƙato mai nauyin sama da kilo 110 ya jure kai-komo tun daga farko har ƙarshe. Don haka kowace ƙungiya ke ajiye dogo na biyu, wanda zai shiga na minti goma zuwa sha biyar. Ba a neman ya ci wasa. Ana neman kada ya zubar da abin da aka tara kafin na farko ya huta. Zai kafa jikinsa shinge domin abokinsa mai jifa ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando, ya doke jifan wanda ya kutso, in ta kama kuma ya yi keta don a hana maki mai sauƙi. Yawancin wannan wahala ba ta fitowa a takardar sakamako.

An haifi Ezeli a birnin Benin ranar 21 ga Oktoba, 1989. Ya kammala sakandare yana ɗan shekara 14, a 2004 kuma iyayensa suka tura shi garin Yuba City da ke Kalifoniya wurin kawunsa, likitan yara, da burin shi ma ya zama likita. Tsawonsa ne ya ja shi fili, ba sha'awa ba. Ƙwallon farko da ya jefa a wasa na gaske, a kwandon ƙungiyarsa ya jefa ta, domin bai san an sauya ɓangare ba. Duk da haka Jami'ar Vanderbilt ta ɗauke shi a 2007, ta bar shi shekara guda yana koyo ba tare da ya buga gasa ba. Kafin ya bar ta a 2012, ba a taɓa samun wanda ya kai shi yawan doke jifa ba a tarihin jami'ar. Wanda ya karya wannan tarihi daga baya, Luke Kornet, shi ma dogon benci ya zama, har ya ci kofi da Boston a 2024.

Golden State Warriors ta zaɓe shi a matsayi na 30 a 2012, wato shi ne na ƙarshe a zagayen farko. Wannan lamba ta yi masa rana, domin 'yan zagayen farko ne dokar gasar ta tabbatar wa albashin shekara biyu, ko sun buga ko ba su buga ba. Da ya zame da mataki ɗaya, da sai abin da ciniki ya yi.

An ɗauke shi ne ya tsaya a bayan Andrew Bogut, ɗan Ostireliya mai basira wanda rauni ba ya barinsa ya sarara. Sai ga sabon shiga ya fara wasa 41 daga cikin 78 da ya buga a kakarsa ta farko, da matsakaicin maki bai kai uku ba a kowane wasa. Mai duba alƙaluma kaɗai zai ce banza ce ta kori wofi. Masu horarwa sun ga wani abu dabam: mutum mai tsawon mita 2.11, mai faɗin ƙirji, wanda ba a ture shi daga inda ya tsaya, kuma yana da saurin tashi sama. Shingensa na da ƙarfi, abin da masu jifa daga nesa irin Stephen Curry da Klay Thompson suke buƙata kamar ruwa. Da ya kafa shingen sai ya juya ya nufi kwando, a ɗaga masa ƙwallo sama ya danna ta ciki.

Gazawarsa ma ba ɓoyayyiya ba ce, kuma kusan duka daga makarar farawa ta samo asali. Hannunsa bai saba da ƙwallo tun yarinta ba, don haka takan kuɓuce masa a cikin cunkoso. Ba ya jifa daga nesa. A jifan kyauta da ake bai wa wanda aka yi wa keta, abin da yake ci bai wuce rabi da kaɗan ba. Ba shi da idon raba ƙwallo irin na Bogut. Mafi muni, in aka janyo shi nesa da kwando ya fuskanci mai sauri, ƙafarsa ba ta bin umarnin idonsa da wuri.

Tiyatar gwiwar dama ta cinye masa kakar 2013/14 baki ɗaya. Ya dawo ya tarar da sabon koci, Steve Kerr, da sabon salo. A wasannin ƙarshe na 2015 da Cleveland, Kerr ya ajiye Bogut tun daga wasa na huɗu, ya mayar da Draymond Green tsakiya, mutumin da tsawonsa bai wuce mita biyu ba, domin a gaji da dogayen Cleveland da gudu. Wannan dabara ce ta kawo kofin, ita ce kuma ta fara rage darajar irin su Ezeli a faɗin gasar. Amma a wasa na shida, ranar 16 ga Yuni, 2015, da aka buƙaci ƙato na ɗan lokaci, shi aka kira. Ya ci maki 10 a cikin minti 11, Warriors ta yi nasara da 105 da 97, ta ɗauki kofinta na farko cikin shekara 40. Da wuya a samu misalin da ya fi wannan nuna amfanin dogon benci: an kira shi a takure, ya yi abin da aka sa shi, ya koma ya zauna.

Kakar da ta biyo baya ita ce mafi kyau a rayuwarsa, da matsakaicin maki bakwai, kuma ita ce ta ƙarshe a kwantiraginsa. Warriors ta ci wasa 73 ta faɗi 9, abin da ba a taɓa yi ba. Ana ta hasashen cewa wata ƙungiya za ta zuba masa kuɗi ta mayar da shi ɗan tsakiyarta na farko. Sai gwiwar hagu ta tashi, aka yi masa aiki a watan Fabrairun 2016, ya dawo gab da ƙarshen kaka ba da ƙarfinsa na da ba.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yuni, 2016, shi ne mafi yawan masu kallo suka riƙe game da shi. Bogut ya ji rauni a wasa na biyar na karon ƙarshe, wanda aka sake yi da Cleveland. A wasa na bakwai, na raba gardama, Kerr ya fara da Ezeli, sannan ya sake sa shi saura kimanin minti shida a tashi. Warriors na gaba da 87 da 83. Cleveland ta yi abin da kowace ƙungiya mai wayo ke yi yanzu: ta kafa shinge ta yadda dole masu tsaro su yi musaya, Ezeli ya tsinci kansa gaba da gaba da LeBron James nesa da kwando. James ya yi kamar zai jefa, Ezeli ya yi tsalle ya faɗa masa, aka ba da jifan kyauta uku, duka suka shiga. Da ƙwallo ta sake dawowa, James ya sake samunsa, ya jefa ta maki uku ta saman kansa. Maki shida cikin ƙasa da minti ɗaya, Cleveland ta wuce gaba. An tashi 93 da 89, Ezeli bai ci ko maki ɗaya ba.

Ɗora masa asarar kofin zalunci ne. Warriors ta shafe minti huɗu da rabi na ƙarshe ba ta ci komai ba, alhali Curry da Thompson na fili, shi kuwa yana benci. Kuma koci ne ya tura mai ɗanyen rauni wurin da kowa ya san nan ne lagonsa. Sai dai inda shinge ya yi ƙasa nan ake tsallakawa, haka ma a wajen rabon laifi. Tauraro na da minti arba'in da zai goge kuskurensa. Dogon benci minti goma yake da su, in ɗaya ya ɓaci shi za a tuna.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane abin da ya biyo baya. A watan Yulin 2016, sabuwar yarjejeniyar talabijin ta ɗaga iyakar albashin kowace ƙungiya daga dala miliyan 70 zuwa kimanin miliyan 94 a tashi ɗaya. Kuɗi suka yi yawa, haja ta yi kaɗan. Bismack Biyombo, ɗan Kwango, wanda shi ma dogon benci ne a Toronto, ya cafe ƙwallo 26 a wasa guda da wannan Cleveland ɗin makonni kaɗan kafin nan, sai Orlando ta ba shi dala miliyan 72 na shekara huɗu. Timofey Mozgov, wanda da ƙyar ya taka fili a wasannin ƙarshe na shekarar, ya samu miliyan 64 daga Lakers. Ezeli, da Warriors ta sallama don ta samu gurbin albashin Kevin Durant, kimanin miliyan 15 ya samu daga Portland na shekara biyu, kuma mafi yawan kuɗin shekara ta biyun ba tabbatattu ba ne. Ba minti ɗayan nan kaɗai ya karya farashinsa ba. Masu saye sun duba gwiwar.

Sun kuwa yi gaskiya. Bai buga wa Portland ko wasa ɗaya ba. A Maris ɗin 2017 aka sake yi masa tiyata a gwiwar hagu, aka dasa masa jijiyar wani mamaci, a watan Yuni kuma ƙungiyar ta sallame shi. Wasa 170 ne duk abin da ya buga a kakannin NBA, kuma wancan wasa na bakwai shi ne na ƙarshe, yana ɗan shekara 26. Ya gwada dawowa a 2021 a ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, daga bisani ya koma sharhin wasannin Warriors a talabijin.

Ita kuwa Warriors ko gezau. Ta cike gurbin Bogut da Ezeli da Zaza Pachulia da JaVale McGee da David West a kan kuɗi ƙalilan, ta ci kofi a 2017 da 2018. Sauran ƙungiyoyi, musamman waɗanda kwantiragin 2016 suka zame musu ƙarfen ƙafa, suka ɗauki darasi: dogon da iyakarsa shinge da tsalle, kowace shekara ana samun irinsa da araha. Wanda ake biya da tsada a yau shi ne mai ƙarin sana'a. Naz Reid na Minnesota, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019, daga benci yake tasowa, amma yana jifa daga nesa. Ya zama gwarzon 'yan benci na 2024, a 2025 kuma ya sa hannu kan dala miliyan 125 na shekara biyar.

A wannan ma'auni za a auna Bona. Ya fi Ezeli saurin ƙafa, kuma ya fara koyo da ɗan wuri, tun da aka kai shi Turkiyya yana kimanin shekara 13. Amma shi ma har yanzu ƙarfinsa a doke jifa da tsalle yake, shi ma yawan keta na rage masa mintoci, kuma a matsayi na 41 aka zaɓe shi, a zagaye na biyu inda dokar gasar ba ta tabbatar wa kowa albashi ba. Ko a ƙungiyar ƙasa kujerar ba ta sauya ba: a gasar Turai ta watan Satumbar 2025, inda Jamus ta doke Turkiyya da 88 da 83 a wasan ƙarshe, a bayan Alperen Sengun ya tsaya, sanye da rigar Turkiyya.