Fayil ɗin gwamnati da ke cikin WhatsApp ɗin oga, wa ke da shi?

Akwai wani maɓalli a cikin WhatsApp da kusan duk mai wayar zamani ya sani, wanda ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ga saurayi da budurwa, ko abokai masu hirar dare, wannan haƙƙinsu ne, babu ruwan kowa. Amma idan darakta a wata ma'aikata ya kunna shi a zauren da ake tattauna wanda za a ba kwangilar gyaran asibiti, to maɓallin nan ya yi aikin da a da sai an cinna wa ɗakin fayil wuta kafin a yi shi. Kuma ya yi shi ba hayaƙi, ba motar kashe gobara, ba kwamitin bincike.

A takarda, Najeriya tana da doka mai ƙarfi a kan wannan. Ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI. Dokar ta ba kowane mutum damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana 7 ta amsa. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba yana jawo tarar naira 500,000. Jami'in da ya lalata takarda da gangan, ko ya sauya abin da ke cikinta kafin a miƙa ta, zai iya fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Shekara da shekaru wasu jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025, a wata shari'a daga jihar Edo, cewa ta shafi jihohi ma.

Duk wannan ya dogara ne a kan abu ɗaya: a ce bayanin yana nan ranar da aka zo nemansa. Hukumar da ta ce "ba za mu bayar ba" ana iya maka ta a kotu. Wadda ta ce "babu shi, wayar da yake ciki ta lalace" ta fi ƙarfin alƙali, domin kotu ba ta iya umartar a fito da abin da ya riga ya shafe. Dokar FOI ta ce kowace hukuma ta riƙa rubutawa da adana bayanan ayyukanta, kuma ma'anar da ta ba "bayanin gwamnati" ta haɗa da abin da aka adana a na'ura, ba takarda kaɗai ba. Abin da ba ta zayyana ba shi ne tsawon lokacin da kowane irin bayani zai zauna kafin a halatta goge shi.

Wannan aikin jadawalin adana bayanai ne. Sunan ya fi abin girma. Tebur ne kawai: a layin farko nau'in bayani, a na biyu shekarun da za a ajiye shi, a na uku abin da za a yi da shi bayan wa'adin, wato a lalata shi ko a kai shi ma'adanar tarihi, a na huɗu wanda zai sa hannu kafin a yi hakan. Takardar neman hutun ma'aikaci ba ta buƙatar daɗewa. Fayil ɗin aikinsa kuwa dole ya rayu har bayan ya yi ritaya, tunda da shi za a lissafa fanshonsa. Takardar mallakar fili ba ta da ranar mutuwa. Amfanin teburin shi ne yana raba gogewa ta halal da ta haram. Inda babu shi, kowace gogewa ana iya kiranta "share wuri a waya", kuma babu mai iya nuna ƙa'idar da aka karya.

Dokar da ta tanadi irin wannan jadawali a Najeriya ita ce ta Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka yi a 1992, zamanin mulkin soja. Layukan GSM ba su shigo ƙasar ba sai 2001. WhatsApp bai zo duniya ba sai 2009. Waɗanda suka rubuta dokar fayil mai igiya suke gani, da masinja mai ɗaukarsa daga ofis zuwa ofis, da sashen rajista mai rubuta lambar kowace wasiƙa da ta shigo. A wancan tsarin, ko jami'i bai so ba, aikinsa yana barin sawu, saboda umarni ba ya zama umarni sai ya hau takarda.

Wanda ke son ganin ƙarfin wancan sawun ya je reshen hukumar da ke Kaduna. Can ne ake ajiye fayilolin tsohuwar Jihar Arewa da na lardunanta, har da rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Ɗalibin tarihi yana iya zama ya karanta abin da wani Di'o Bature ya rubuta wa Razdan a kan harajin wata gunduma kusan shekara ɗari da suka wuce, da amsar da aka ba shi, da ranar da aka ba shi. Turawan mulkin mallaka ba don ƙaunar talaka suka yi hakan ba, don gudanar da mulkinsu suka yi. Duk da haka sakamakon yana da ban takaici: mai bincike a 2060 zai iya samun sauƙin gano yadda aka yanke shawara a 1935 fiye da yadda aka yanke ta a 2021, idan ta 2021 ɗin a saƙon murya aka yanke ta.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gwamnati ta san darajar wa'adi sarai idan bayanin talaka ne. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar sadarwarsu har shekara 2. Dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa bankuna su ajiye bayanan cinikin abokan hulɗarsu aƙalla shekara 5. Wato yaron da ya tura wa mahaifiyarsa dubu biyar ta manhajar banki, sawunsa yana nan shekara biyar. Jami'in da ya amince da fitar da miliyoyi ta hanyar rubuta "a ci gaba" a WhatsApp kuwa, sawunsa yana rayuwa ne gwargwadon lafiyar wayarsa da kuma ganin damarsa.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. A Birtaniya, kwamitin binciken yadda aka tafiyar da annobar korona ya tarar cewa saƙonnin WhatsApp kusan 5,000 na tsohon Firaminista Boris Johnson, na farkon watannin annobar a 2020, ba su samu ba. A Amurka, saƙonnin wayar jami'an da ke tsaron shugaban ƙasa na ranakun 5 da 6 ga Janairun 2021 sun shafe, hukumar ta ce wajen sauya tsarin wayoyi ne. A Tarayyar Turai, jaridar New York Times ta nemi saƙonnin da Ursula von der Leyen ta yi musaya da shugaban kamfanin Pfizer lokacin cinikin rigakafin korona, aka ce ba a same su ba, kuma a watan Mayun 2025 kotun Tarayyar ta ce bayanin da aka bayar na rashin nasu bai gamsar ba. Manya a ko'ina suna son hira mara sawu. Bambancin shi ne a can akwai ƙa'idar da ta ce saƙon ya kamata ya kasance, shi ya sa rashinsa ya zama abin tuhuma.

Akwai dabaru biyu daga Amurka da suka cancanci a kwaikwaya, kuma babu mai tsada a cikinsu. Tun 2014 dokarsu ta ce jami'in da ya yi aikin gwamnati ta asusunsa na kashin kai, dole ya tura kwafi zuwa asusun hukuma cikin kwana 20. Ta biyu ita ce tsarin da hukumar adana bayanansu ta fito da shi don imel: maimakon a sa kowane ma'aikaci ya riƙa tantance wasiƙunsa ɗaya bayan ɗaya, sai aka ce duk imel ɗin manyan jami'ai a ajiye shi har abada, na sauran kuma a ajiye na wasu shekaru sannan a goge. Muƙami ne ke yanke hukunci, ba son ran mai muƙamin ba.

Wani zai ce to a ajiye komai mana a huta, tunda ma'ajiyar bayanai ta yi arha. Wannan ma kuskure ne, kuma matasa ne za su fi shan wahalarsa. Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar aiki ko na tallafi, dubban ɗaruruwa suna ɗora lambar NIN, da BVN, da hoton fuska, da takardar haihuwa. Bayan an gama ɗaukar, bayanan waɗanda ba su samu ba ina suke zuwa? Duk shekarar da suka ƙara a kan wata kwamfutar da babu mai kula da ita, dama ce ga ɓarayin intanet. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Kowa ya taɓa ganin ƙosai ko tsire a naɗe cikin takarda mai ɗauke da sunaye da lambobin wasu. Wannan da ɓacewar fayil ɗin kwangila ciwo ɗaya ne: babu wanda ya rubuta abin da za a ajiye da abin da za a lalata, sai aka bar wa sa'a.

Duk wanda ya taɓa gina manhaja mai rumbun bayanai ya san ɓangaren fasahar ba shi ne mai wuya ba. Ana ba kowane bayani nau'i da ranar shigarsa. Ana rubuta ɗan umarnin da zai duba kowane dare ya ware waɗanda wa'adinsu ya cika. Ana hana gogewa sai da amincewar mutum biyu, kuma ko an goge, a bar rajistar da ke nuna wane ne ya goge, me ya goge, a wane lokaci. Ana ajiye kwafi a wani gari daban, domin gobara ba ta tambayar ko fayil na takarda ne ko na kwamfuta. Ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja ya yi gobara a watan Afrilun 2020, kuma tambayar farko da mutane suka yi a lokacin ita ce ko bayanan kuɗi sun tsira. Yanzu da gwamnatin tarayya ke tura ma'aikatunta su koma aiki ba takarda, lokacin shigar da waɗannan ƙa'idoji cikin manhajojin shi ne yanzu, kafin a tara shekarun bayanai marasa alama. Manhajar da aka saya ba tare da jadawali a cikinta ba, tsohon ɗakin fayil ne aka mayar cikin allo.

Dole a yi wa ma'aikata adalci. Da yawansu ba don ɓoye wani abu suka koma WhatsApp da Gmail ba, sai don su ne ke aiki a kan ƙaramar data da raunin sabis, a ofishin da ba wuta. Hana su kwatakwata ba zai yiwu ba, za a ci gaba ne a ɓoye. Amma ya kamata a san cewa waɗannan manhajoji ba a gina su don adana tarihin hukuma ba. Google yana da ƙa'idar goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Layin wayar da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Jami'i kan yi ritaya, ko a sauya masa wurin aiki, ya tafi da wayarsa da duk abin da ke ciki, wanda ya gaje shi ya tarar da teburi babu komai. Ƙa'ida mai sauƙi za ta rage ɓarnar: a haramta saƙo mai ɓacewa a duk zauren aiki, kuma duk shawarar da ta shafi kuɗi, ko ɗaukar aiki, ko fili, a tura ta asusun hukuma mai adireshin gov.ng cikin ƙayyadadden lokaci. WhatsApp da kansa yana da hanyar fitar da hira gaba ɗaya a tura ta imel, aikin minti ɗaya ne.

Jadawalin adana bayanai shi kansa bayanin gwamnati ne, don haka ana iya nemansa a ƙarƙashin dokar FOI. Wasiƙa ce mai layi kaɗan zuwa ga shugaban hukuma: a ba da kwafin jadawalin, a faɗi sunan jami'in da ke kula da bayanai, a kuma bayyana ko akwai rubutacciyar ƙa'ida a kan amfani da WhatsApp da imel na kashin kai wajen aiki. Mai nema ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya ɗauki hotonsa a waya. Idan kwana 7 suka wuce ba amsa, doka tana ɗaukar shirun a matsayin an hana, kuma daga nan mai nema yana da kwana 30 ya kai maganar kotu.