Ba Kowace Dariya Ce Ta Alheri Ba

Jama'a, akwai wani mutum da telebijin da majigi ba su gaji da nuna wa duniya ba: dogon hanci, hannu a kan jakar kuɗi, ciki cike da makirci. Da ya ɓullo sai a fashe da dariya, a ce ga Bayahude nan. Mu dai muna ganin ya wajaba ɗalibai su tambayi asalin wannan hoto.

A Turai aka ƙera shi. Coci ta hana Kiristoci ba da bashi da ruwa, kuma a wurare da dama aka hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a, har ba da bashi ya zama ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin neman abinci da suka rage musu. Sa'an nan aka juyo ana zaginsu da abin da aka tura su ciki. Ingila ta kore su a 1290, amma bayan kimanin shekara 300 Shakespeare ya fito da Shylock mai cin riba.

Masu cewa wasa ne kawai su tuna da Jud Süss, fim ɗin da gwamnatin Hitler ta ɗauki nauyinsa a 1940, gab da kisan Yahudawa miliyan 6. A 1948 Turawan Ingila suka yi fim ɗin Oliver Twist, suka liƙa wa Fagin ƙaton hanci, har Yahudawan da suka tsira suka yi zanga-zanga a Berlin a 1949. A 2002 telebijin a Masar ya nuna wasan da ya jingina da littafin nan na wai makircin dattawan Sahyoniya, alhali jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa tun 1921 cewa jabu ne.

Wani zai ce, to Falasɗinu fa? Sukar gwamnatin Isra'ila hakkinmu ne, sai mu yi ta da hujja. Amma ɗora wa al'umma guda hali ɗaya zalunci ne. Mu da muke jin zafi in finafinan Legas sun mai da Bahaushe maigadi wawa, bai kamata mu tafa wa irin wannan ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Mu fara da harshenmu: mu daina kiran marowaci ko macuci Bayahude.