Amarya Ba Ta Ruɓar da Albasa

Da kaka ta yi, an cika rumbuna, sai bukukuwan aure su kankama daga Kashin Zama har zuwa Aliero, Jega da Maiyama. Al'adunmu na aure suna da kyau. Kai lefe, kamu, sa lalle, sayen baki da buɗar kai duk suna haɗa dangi biyu su zama ɗaya. Ɗalibanmu na ƙasar Zuru sun san golmo, al'adar da saurayi kan yi shekara 7 yana yi wa surukinsa noma. Waɗannan suna koya mana haƙuri da zumunci, bai kamata mu yar da su ba.

Amma akwai camfi guda da ya kamata mu binne, wato cewa wata mace tana da farar ƙafa. Tun ranar baiko ake zuba wa yarinya ido. Idan albasar saurayi ta ruɓe, ko jarinsa ya karye, ko akuyarsa ta mutu, sai tsofaffi su fara raɗa cewa ƙafarta ce. Da wannan raɗa ake fasa aure, ko a kori mace daga ɗakinta, ta rasa mai neman ta kuma.

Ba mu kaɗai ke da camfi ba. A ƙauyukan ƙasar Ailan ta Turai, a da amarya takan riƙe takalmin ƙarfe na doki don neman sa'a, ana kuma gudun ɗaura aure a watan Mayu. Sai dai nasu laifin wata yake gani. Namu kuwa a kan 'yar mutane yake sauka.

Mu tsaya mu yi tunani. Albasa tana ruɓewa ne idan an adana ta ba ta bushe sosai ba, ko zafi da laima suka kama ta a rumbu. Farashinta yana faɗuwa domin manoma suna kai ta kasuwa a lokaci ɗaya. Jarin ango kuma sau da yawa wajen lefe da bashin biki yake ƙarewa. Haka nan idan yara suna fama da ciwon sikila, daga uba da uwa suka gada: in dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Gwajin jini kafin aure ne ke nuna wannan, ba duban tafin ƙafa ba. Gaskiyar Hausawa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka, ɗalibai, idan kun je hutu kuka ji ana wannan magana, ku tambaya cikin ladabi: "Baba, yaya aka adana albasar?" Iyaye mata kuma, ku kuka fi kusa da amarya. Wadda kuke tsegumi a kanta yau 'yar wani ce, gobe kuma taku ce za a kai gidan wasu.